Babi na Biyar: Abin da Mai Ciwo Ke Nema Bayan Ƙwayar Magani

Me ya sa mutum zai je asibiti, ya yanki kati, ya ga likita, a rubuta masa magani, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu ya nufi wani wurin neman lafiya? Kullum ana yin wannan tambaya a Maiduguri. Ɗa yakan yi ta idan ya tarar da kwalaben da bai san inda mahaifiyarsa ta samo su ba. Nas takan yi ta idan aka kawo majinyaci bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce jahilci ko talauci. Amma duk wanda ya zauna a garin nan ya san malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da manyan 'yan kasuwar Monday Market da ke yin haka, kuma wasunsu kuɗin da suke kashewa a waje ya fi na asibitin.

Domin mu samo amsa mai gamsarwa, za mu bi ta kan wata baƙuwar hanyar magani da ake kira homiyofati. Ba ta yi kaka-gida a Borno ba kamar saiwa da sassaƙe, ko ƙahon wanzami, ko zuma da habbatus sauda. Sunanta dai yana shigowa ta Facebook da WhatsApp, da bakin waɗanda suka je jinya Indiya, ƙasar da tun 2014 ta kafa ma'aikata guda mai suna AYUSH domin kula da ita da sauran hanyoyin magani irin nata. Amfaninta a gare mu shi ne tana raba abubuwa biyu da muka saba haɗawa: abin da ke cikin kwalba, da abin da ke gudana tsakanin mai magani da mai ciwo.

Daga Jamus ta faro

Wanda ya ƙirƙiro ta likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, da aka haifa a 1755 ya rasu a birnin Paris a 1843. A zamaninsa zuwa wurin likita abin tsoro ne. Ana tsaga jijiyar marar lafiya a zubar masa da jini, ana manna masa matsattsaku, ana ɗura masa zaiba da magungunan amai da gudawa har ya galabaita. Hahnemann ya ga abokan aikinsa suna kashe mutane da sunan magani, ransa ya ɓaci, ya koma cin abinci da fassarar littattafai.

A 1790, yana fassara littafin wani likitan Sikotilan mai suna William Cullen, ya zo kan bawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin na zazzaɓin cizon sauro. Bayanin da Cullen ya yi game da yadda bawon ke aiki bai gamsar da shi ba, sai ya sha da kansa alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya ji alamomi irin na mai zazzaɓi. Daga nan ya gina ƙa'idarsa: abin da ke jawo wata alama a jikin mai lafiya, shi ne zai kawar da ita a jikin marar lafiya. Albasa tana sa hawaye da yoyon hanci, don haka ita ce maganin mura. Gahawa tana hana barci, don haka ita ce maganin rashin barci. Ya bayyana wannan ra'ayi a 1796, ya tattara shi a littafi a 1810.

Mutane sun yi tururuwa zuwa gare shi, kuma suna da hujja. A annobar kwalara ta birnin Landan a 1854, kimanin mutum 16 cikin 100 ne suka mutu a asibitin homiyofati, alhali a sauran asibitoci fiye da rabi suka mutu. Mai kwalara ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Idan aka zubar masa da jini aka ƙara masa maganin gudawa, an gaggauta ajalinsa. Wanda aka kwantar a wuri mai tsabta aka ƙyale jikinsa ya yi faɗa, ya fi samun damar tashi. Nasarar farko ta homiyofati daga barin cutarwa ta zo.

Me ke cikin kwalbar?

Da yawa daga abubuwan da Hahnemann ya yi amfani da su guba ne, don haka ya riƙa sirka su. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya na asalin maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne mataki na farko, wanda ake rubutawa 1C. Sai a ɗebi ɗigo ɗaya daga wannan a zuba cikin sabon ɗigo 99, a sake girgizawa, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi. Kwalaben da aka fi sayarwa suna ɗauke da 30C, wato an maimaita sau 30. A ƙarshe a ɗiga ruwan a kan 'yan ƙananan ƙwayoyin sukari, a bar su su bushe.

Bari mu auna da abin da muka sani. Madatsar ruwa ta Alau an gina ta ne domin ta ɗauki kimanin kubik mita miliyan 112 idan ta cika. Ka jefa ɗigo ɗaya na magani a ciki, ka gauraya, ka ɗebi kofi: sirkin da ka yi bai kai mataki na 8 ba. Ka jefa ɗigon a cikin dukkan tekunan duniya: bai kai mataki na 13 ba. Masana ilimin sinadarai sun lissafa cewa daga wajen mataki na 12, da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin maganin a cikin kwalbar. Masu homiyofati ba su musa wannan lissafi ba. Cewa suke yi ruwan yana riƙe tasirin abin da ya taɓa shiga cikinsa, kuma yawan sirki da girgizawa ƙara masa ƙarfi suke yi. Gwaje-gwajen da aka yi cikin tsanaki ba su tabbatar da wannan ba.

A nan ya kamata a bambance ta da maganin gargajiya, domin mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Wanda ya tafasa ganyen darbejiya, itacen da ya yi wa titunan Maiduguri inuwa, ya san akwai abu a cikin ruwan, ɗacin kaɗai ya isa shaida. Ganye na iya warkarwa, yana kuma iya cutar da hanta ko ƙoda idan ya yi yawa, domin akwai sinadari a cikinsa. Kwinin daga bawon itace ya fito. Maganin maleriya mafi ƙarfi a yau daga wani nau'in tazargade ya fito, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. Ƙwayar homiyofati mai 30C kuwa sukari ce.

Ƙasashe da dama da suka bincika sun kai ga matsaya kusan iri ɗaya. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba nazarce-nazarce 176, ta ce babu wata cuta da aka samu ingantacciyar shaidar cewa homiyofati na maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta ta. Faransa, inda take da farin jini ƙwarai, ta daina biyan kuɗinta daga asusun inshorar lafiya tun farkon 2021.

To me ya sa suke cewa sun warke?

Miliyoyin mutane suna rantsuwa cewa ta yi musu aiki, kuma mafi yawansu ba ƙarya suke yi ba. Sauƙin sun same shi. Inda aka rabu shi ne wajen gane daga ina ya zo.

Da farko, ciwuka da yawa suna tafiya da kansu. Mura takan yi mako guda ko kwana goma ta wuce, an sha magani ko ba a sha ba. Duk abin da mutum ya sha a rana ta biyar, shi zai yaba.

Na biyu, ciwon da ya daɗe a jiki yana hawa yana sauka. Ciwon baya, sanyin ƙashi, asma, gyambon ciki, ciwon kai na ɓari ɗaya, duk haka suke. Mutum ba ya fita neman sabon magani sai ranar da ciwon ya kai maƙura, kuma daga maƙura sai saukowa. Sabon maganin yana shigowa daidai lokacin da sauƙi ke tafe.

Na uku, sau da yawa ana haɗawa ne. An sha na asibiti kwana uku, ba a ga canji nan take ba, aka ƙara da na kwalba, aka warke a rana ta huɗu. Na asibitin ne ya gama aikinsa, na kwalba ya karɓi godiya.

Na huɗu, sa rai da kansa yana taɓa jiki. Idan mutum ya yarda cewa an ba shi magani, ƙwaƙwalwa takan saki sinadaran da ke rage zogi, tsoro ya ragu, barci ya samu. Wannan abu ne da aka auna aka gani. Sai dai yana da iyaka, kuma wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya nuna iyakar a fili. An ba masu asma maganin shaƙa na gaske a wani lokaci, na wofi a wani lokaci. Da aka tambaye su, kusan daidai suka ce sun ji sauƙi a duka biyun. Da aka auna ƙarfin numfashinsu da na'ura, na gasken ya ƙara shi da kashi 20 cikin 100, na wofin kashi 7 kawai, daidai da wanda ba a ba komai ba. Jin sauƙi daban, warkewa daban.

Minti biyar da awa guda

Wanda ya je wurin mai homiyofati karon farko yakan yi awa guda, wani lokaci fiye, ana yi masa tambayoyi. Yaya barcinka? Da wane lokaci ciwon ya fi tsananta? Kana son abu mai zafi ko mai sanyi? Me ke ba ka tsoro? Me ya faru a gidanka kafin ciwon ya fara? Ana rubuta duk abin da ya faɗa, domin a ƙa'idarsu maganin mutum ake nema, mutum biyu masu ciwo iri ɗaya kan tashi da ƙwaya daban-daban.

Sai a kwatanta da asibiti. Wani nazari na 2017 da ya haɗa ƙasashe 67 ya gano cewa rabin mutanen duniya ba sa samun fiye da minti biyar a gaban likita. A Bangladesh daƙiƙa 48 ne, a Suwidin minti 22 da rabi. A Najeriya, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a 2024 cewa likitoci kimanin 55,000 ne ke aiki a ƙasar, kuma wajen 16,000 sun fita a cikin shekara biyar. Borno tana da nata ƙarin nauyin saboda rikici. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cibiyoyin lafiya 743 a jihar, ta tarar kashi 35 cikin 100 an rushe su gaba ɗaya, kashi 29 sun lalace. Jama'ar ƙananan hukumomi suka kwararo cikin Maiduguri, layin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da na Asibitin Ƙwararru na Jiha da na Umaru Shehu da ke Bulumkutu ya ƙara tsawo. Likitan da mutum ɗari ke jira a ƙofarsa ba zai iya tambayar kowa yadda ya kwana ba, ko da yana so.

Shin wannan awa guda tana da tasiri? A jami'ar Southampton ta Ingila an gwada masu ciwon gaɓoɓi: wasu sun sami doguwar ganawa da mai homiyofati, wasu ba su samu ba, wasu an ba su ƙwayar homiyofati, wasu ta wofi. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa waɗanda aka zauna da su sun sami sauƙi, ƙwayar kuwa ba ta ƙara komai ba. A jami'ar Harvard a 2008 an raba masu ciwon murɗawar hanji 262 gida uku. Waɗanda aka bari suna jira, 28 cikin 100 suka ce sun ji sauƙi. Waɗanda aka yi wa allurar wofi ba tare da hira ba, 44. Waɗanda aka yi wa allurar wofin tare da sauraro da sakin fuska, 62.

Ke nan mai ciwon da ya bar asibiti ya tafi inda za a saurare shi, abu na gaske ya je nema, kuma yakan samu. Mai maganin gargajiya na unguwa ya san wannan tun kafin a haifi Hahnemann. Yana gaishe ka da harshenka, Kanuri ko Hausa ko Shuwa, ya tambayi iyali, ya kira tsohuwa Hajja, ya bar ta ta ba da labarin ciwonta tun daga haihuwarta ta fari.

Yadda muke kallon ciwo

Sauraro rabin amsar ne. Sauran rabin yana cikin yadda mai ciwo ya fahimci abin da ke damunsa. Ka saurari hirar mata a gidan suna ko ta maza a majalisa, za ka ji wasu maganganu suna maimaituwa.

“Maganin asibiti kwantar da ciwo yake yi, ba ya tumɓuke shi.” A tunaninmu ciwo yana da saiwa. Ciwon baya, kasala, kumburin ciki da raunin mazakuta duk akan mayar da su ga basir; ƙaiƙayi da ciwon mara da jinkirin haihuwa akan mayar da su ga sanyi. Hahnemann ma haka ya yi a 1828, inda ya ce mafi yawan cututtuka masu daɗewa daga wani ɓoyayyen tushe ɗaya suke, kuma likitoci danne alamomi kawai suke yi. Wanda ya taso da maganar basir da sanyi, idan ya ji wannan, ji zai yi an faɗi abin da ya daɗe da sani.

“Maganin bai karɓe ni ba.” Mun yarda cewa kowa da jininsa, abin da ya yi wa wani aiki ba lallai ya yi maka ba. Asibiti yana ba mutum dubu ƙwaya iri ɗaya. Wanda ya ce ya haɗa maka naka kai kaɗai ya fi kusa da zuciyarka.

“Kemikal ne, yana da illa.” Wannan tsoro yana da tushe. Mutane sun ga wanda maganin ciwon jiki ya ɓata wa ciki, sun ji labarin jabun magunguna. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka rasu. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, har sai da mutane irin su marigayi Farfesa Umaru Shehu, ɗan Maiduguri, suka sa baki aka dawo da yarda.

“Allah ya sa a dace.” A wurin Musulmi, waraka daga Allah take, magani sababi ne. Wannan aƙida tana ba mai ciwo haƙuri da ƙarfin zuciya, kuma malamai sun karantar cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Sai dai wasu kan fahimci dacewa kamar dukkan magunguna daidai suke, sai wanda aka yi sa'a da shi. Masanin tarihi Murray Last, wanda ya zauna a karkarar Malumfashi, ya rubuta a 1981 cewa mutanen da ya zauna da su ba su cika damuwa da sanin daga wane tsari magani ya fito ba. Gwadawa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Har yau haka muke: kemis da safe, mai saiwa da yamma, tofi da dare. Amma sababi ma hawa-hawa ne, kuma Wanda ya saukar da magani Shi ya ba mu hankalin tantance shi.

Sai maganar da ta fi duka nauyi: “Wannan ciwon ba na asibiti ba ne.”

Ciwon da gwaji ba ya gani

A ɗauki misalin uwa mai shekara arba'in da ta baro Bama ko Gwoza da ƙafa, ta rasa miji, tana riƙe da 'ya'ya a ɗakin haya a Maiduguri. Zuciyarta na bugawa, kanta na zafi, tana jin abu na yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata. Ta je an ɗebi jini, an ce maleriya da taifot. Ta sha magani, bayan wata guda abin ya dawo, aka sake cewa maleriya da taifot. Gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji yakan nuna taifot a jikin wanda ba shi da ita, musamman a inda cutar ta zama ruwan dare. A karo na uku aka ce mata ba a ga komai ba. Ita kuwa ta san tana jin komai. Me ya rage mata ta ce, in ba ciwon ba na asibiti ba ne?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da damuwa mai tsanani, fargaba, ko wata lalurar ƙwaƙwalwa. Maiduguri tana cikin wannan hali tun Yulin 2009, sannan ambaliyar 10 ga Satumba 2024 ta sake raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Baƙin cikin da ba a faɗa da baki ba yakan fito ta jiki. Ciwon wannan uwa na gaske ne, kuma yana da magani a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga da wasu cibiyoyin da aka horar da ma'aikatansu. Abin da ke hana ta zuwa shi ne tsoron a ce ta haukace, da kuma rashin wanda ya tambaye ta abin da ta gani a hanya. Duk wanda ya fara yi mata wannan tambaya, da kwalbar sukari ko da saiwa, shi zai zama likitanta.

Masu hawan jini da ciwon suga su ma suna da tasu damuwar. Likita ya gaya musu gaskiya: za a sha magani har ƙarshen rayuwa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, wannan magana tana da nauyi. Sai ga wani ya ce wata uku ka rabu da shi har abada. Ba sai mutum ya zama jahili kafin ya so ya gaskata ba.

Inda haɗarin yake

Ƙwayar sukari ba ta kisa. Jinkirin da take jawowa shi ke kisa. Shi ya sa a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kada a dogara da homiyofati wajen tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, maleriya, mura mai tsanani, da gudawar jarirai. Gargaɗin ya hau kan duk wani maganin da ba a tabbatar da shi ba.

Maleriyar da ta hau kan yaro tana iya kashe shi cikin kwana guda. Kwalara, wadda ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage a 2017, tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, alhali da ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan lokaci, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. Hawan jini ba ya jin lallashi: mutum na iya jin garau, jijiyoyin ƙodarsa da na ƙwaƙwalwarsa suna lalacewa, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ƙullutun nono da aka gano da wuri ana warkewa daga gare shi, amma mafi yawan matan Najeriya masu ciwon dajin nono suna isa asibiti ne bayan ya bazu, da yawansu bayan watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe.

Saboda haka akwai alamomin da ba sa jiran gwaji. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai. Gudawa kamar ruwan shinkafa. Tarin da ya wuce mako biyu. Mai ciki da ke zubar da jini, ko kanta ke sarawa ƙafafunta suka kumbura. Ƙullutu a nono ko a wuya. Karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya. Waɗannan asibiti ake nufa da su a ranar. Wanda kuma aka ɗora a kan insulin, ko maganin hawan jini, ko na farfaɗiya, ko na tarin fuka na wata shida, kada ya ajiye don wani ya ce ya warke, sai awo ya nuna kuma likitansa ya yarda.

Hakkin kowa a wuyansa

Mai ciwo yana da hakkin a saurare shi, yana kuma da nauyin faɗin gaskiya. Idan likita ya tambaya, a gaya masa duk abin da aka sha, a je da kwalbar ko ƙullin idan ya yiwu, domin wasu haɗe-haɗen suna karo da maganin asibiti. A je da wani ɗan'uwa mai iya tambaya. A ce wa likita kai tsaye: “Ranka ya daɗe, mene ne sunan ciwon nan, kuma yaushe zan fara ganin sauƙi?”

Ma'aikacin lafiya kuma ya sani cewa tsawa tana korar majinyaci zuwa hannun wanda ba zai yi masa tsawa ba. “Hajja, me kika sha a gida kafin ki zo?” idan aka faɗe ta da sakin fuska, tana buɗe bakin da “Ku mutanen nan ba kwa ji” ke rufewa. Minti biyu na bayani da harshen da tsohuwa ke ji yana iya sa ta shanye maganinta har ƙarshe. Hukumomi kuma su gane cewa ƙara likitoci da nas-nas da masu ba da shawara yana cikin samar da magani, domin lokacin da ake ba majinyaci wani ɓangare ne na jinyarsa.

Mai maganin gargajiya ko na Musulunci da ke tsoron Allah yana da babban matsayi a nan, domin shi mutane ke fara zuwa wurinsa. Idan ya san iyakarsa ya ce, “Wannan ku kai shi asibiti yanzu, addu'a muna yi,” ya ceci rai. Wanda kuwa ya ce kwalba ɗaya tana maganin suga da daji da rashin haihuwa da ƙanjamau, ya ci amanar wanda ya zo masa a raunane.

Homiyofati ta rayu fiye da shekara 200 da ƙwayar da babu komai a cikinta, saboda ta riƙe abin da asibiti ya saki: zama da mai ciwo har ya gama magana. Abin da mutanen Maiduguri suka cancanta shi ne su sami wannan sauraro da magani mai aiki a ɗaki ɗaya.

Saura tambaya guda da duk wannan ya dogara a kanta: ta yaya ake sanin magani yana aiki? Idan shaidar wanda ya sha ya ji sauƙi ba ta isa ba, me ya isa? A babi na gaba za mu bi tafiyar ganye ɗaya tun daga daji har zuwa kantin magani, mu ga yadda ake gwada shi a kan mutane ba tare da an yaudari kai ba, sannan mu juya kwalbar da ke hannunmu mu karanta lambar hukumar kula da magunguna ta NAFDAC da ke jikinta: me take tabbatarwa, me kuma ta bari a wuyan mai saye.